Kafin Ka Ari Motar Kawunka: Shawara ga Ɗalibin da Zai Ɗauki Bidiyon Gambara a Keffi

Duk ɗalibin da aikin haɗa bidiyon waƙar hip hop ya hau kansa, ko a sashen koyon aikin jarida ne na Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, ko a sashen wasan kwaikwayo da al'adu, ko kuwa shi da abokansa ne kawai suka ga suna da waƙa da waya mai kyamara, abin da yake fara faɗo masa a rai kusan ɗaya ne. A samo mota mai tsada, a samo sarƙa mai ƙyalli, a samo 'yan mata biyu, a samo bandir ɗin kuɗi. Sai a yi ta lallashin wani kawu da ke aiki a Abuja ya ba da aron motarsa na yini guda. In an gama an ɗora a YouTube, mai kallo ba ya kai rabin minti sai ya gane komai na aro ne, har tsayuwar mawaƙin. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Ba na ganin laifin ɗalibin gaba ɗaya. Ya kalli bidiyoyi masu yawa, ya ga abubuwan da suke maimaituwa, kuma gaskiya ne kowane irin fim da kowace irin waƙa suna da al'adun da aka san su da su. Mai kallon fim ɗin Hausa ya san in saurayi da budurwa suka nufi lambu, waƙa ce za ta biyo baya. Mai kallon gambarar zamani shi ma yana da abin da yake jira ya gani, in bai gani ba sai ya ce wannan ba hip hop ba ce. Malamin da zai ba ka maki ma zai duba ko ka san waɗannan al'adun. Inda gizo ke saƙar shi ne ɗalibai kayan da suka gani suke kwafa, ba sa tambayar aikin da kayan suke yi. To, ƙanena, kowace al'ada ka gani a bidiyon hip hop, ka tambayi kanka me take faɗa wa mai kallo, sannan ka nemi abin da zai faɗi wannan maganar a nan Keffi.

Mu fara da wuri, don shi ne tsohuwar al'adar da ta girmi mota da sarƙa. Masu tarihin wannan kiɗa suna ɗora asalinsa a kan wani casu da DJ Kool Herc ya yi ranar 11 ga Agusta 1973 a wani bene mai lamba 1520 a titin Sedgwick, unguwar Bronx ta birnin New York. Unguwa ce ta talakawa a lokacin, gidaje na ƙonewa, matasa ba aikin yi. Da Grandmaster Flash da ƙungiyarsa suka fitar da bidiyon waƙarsu The Message a 1982, ba wani gidan alfarma suka nema ba. A bakin titi suka tsaya, ga kango, ga cunkoson motoci, kuma bidiyon ya ƙare da 'yan sanda sun tattara su sun zuba a mota. Tun daga nan mawaƙin hip hop yake nuna inda ya fito, yana alfahari da shi ko yana kuka da shi, sau da yawa duka biyun a baiti ɗaya. Wanda ya ɓoye garinsa ya shiga harabar wani otal a Abuja don bidiyonsa ya yi kama da na Legas, ya saɓa wa babbar al'adar yana zaton bin ta yake yi.

Keffi kuwa ba ta rasa abin nunawa ba. Ga dutsen da ake kira da sunan Maloni, Baturen nan da Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe a 1902, kisan da ya sa Magaji ya gudu Kano, Turawa kuma suka sa shi cikin hujjojinsu na afka wa Kano a 1903. Mawaƙin da yake waƙar taurin kai da ƙin rusuna wa kowa, in ya tsaya a kan wannan dutse gari na shimfiɗe a bayansa, ya riga ya faɗi rabin baitinsa kafin ya buɗe baki, ga duk wanda ya san tarihin garin. Ga lungunan tsohon gari a Tudun Kofa da Gangaren Tudu da Yara. Ga Angwan Lambu inda ɗalibai suke haya, igiyoyin shanya sun ratsa tsakar gida, jarkoki sun yi layi a bakin famfo. Ga gadar kogin Antau, ga tasha da asuba lokacin da ma'aikatan da suke kwana a Keffi suna aiki a Abuja suke kokawar shiga mota kafin cunkoson Masaka da Mararaba ya rutsa da su. Wannan na ƙarshen ni a ganina ya fi kowanne dacewa da waƙar neman na kai, irin wadda ɗalibai suka fi rubutawa. Ka zaɓi wuri uku kacal. Fiye da haka yini ɗaya ba zai ishe ka ba, rabin lokacinka zai tafi a kan keke da babur.

Sai dai wurin mutane ba naka ba ne. Ka je kwana ɗaya ko biyu kafin ɗauka, ka gai da mai unguwa, ka faɗa masa abin da za ku yi da lokacin da za ku gama. A tasha ka ga shugabannin ƙungiyar direbobi. A cikin makaranta ka karɓi takarda daga sashenku ka nuna wa masu tsaro. Mai shayin da kake son teburinsa ya fito, ka zauna kai da tawagarka ku sayi shayi da burodi da ƙwai tukuna, sannan ka kawo maganar. Kada ka kunna sifika kusa da masallaci in an kusa kiran salla, kada kuma ka nuna fuskar matar aure ko yaron wani ba da yardarsu ba. Kusa da fada da barikin soja da ofishin 'yan sanda kada ma ka ɗaga waya sai da izini. Ƙaramin jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama yana buƙatar izinin hukuma a Najeriya, don haka in abokinka yana da shi, ku san abin da kuke ciki kafin ku tashe shi. Dutsen da na ambata ma zai ba ka hoton gari daga sama kyauta.

Al'ada ta biyu ita ce yadda mawaƙi yake kallon kyamara. A fim an hana jarumi kallon idon kyamara, a bidiyon hip hop kuwa kallon shi ne tuwon. Mawaƙin da kai mai kallo yake magana, yana nuna ka da yatsa, yana matsowa har fuskarsa ta cika allon. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ɗan dambe in ya fito tsakar fage yana kirari, ba gefe yake kallo ba. 'Yan gambara a kasuwa, waɗanda aka ari sunansu aka laƙa wa wannan waƙa, mutum suke tsarewa da ido su yabe shi ko su yi masa zambo. Bakandamiyar Mamman Shata daga farko har ƙarshe kirarin kai ce. Saboda haka in mawaƙinka yana jin kunyar kyamara, yana sunkuyar da kai ko yana leƙen abokansa a gefe yana murmushi, bidiyon ya mutu ko da wace irin waya kuka ɗauka. Ka sa shi ya yi ta maimaita waƙar a gaban wayarka kwanaki kafin ranar ɗauka, har kunyar ta fita. Wata 'yar dabara: ka tsaya dab da bayan wayar ka ce da kai yake, kai ne wanda ya raina shi a baitin.

Daga nan sai tsayin kyamara. Ka lura a bidiyoyin da kake so, sau da yawa daga ƙasa ake ɗaukar mawaƙi, kyamara na kallonsa sama. Dalilin a fili yake: wanda ka ɗaga kai ka kalla ya fi ka girma. Wannan ba ya cin ko sisi. Ka durƙusa, ka riƙe wayar daidai gwiwar mawaƙin, ka karkata ta sama, ka zaɓi idon kyamara mai faɗi, wanda a yawancin wayoyi aka rubuta masa 0.5. In ya miƙo hannu wajen wayar, hannun zai yi girma ƙwarai, kansa ya koma can sama kusa da gajimare. Darakta Hype Williams ne ya shahara da irin wannan kumburarren hoto a bidiyoyin Busta Rhymes da Missy Elliott wajen 1997, da gilashin kyamara mai tsada. Kai ga shi a aljihunka. Amma ka san inda za ka sa shi. Baitin da mawaƙi yake kirari, ɗauke shi daga ƙasa. Baitin da yake maganar mahaifiyarsa da take sayar da ƙosai don ta biya masa kuɗin makaranta, dawo da wayar daidai idonsa, ka matso, ka tsaya cik. In ka ɗauki wannan baiti daga ƙasa, hoton yana cewa ni ne sarki, bakin yana cewa ni ɗan talaka ne, mai kallo zai ji wani abu bai zauna daidai ba ko da bai san mene ne ba.

Taron abokai a bayan mawaƙi ma al'ada ce, ma'anarta kuwa ina da mutane. Ka tara na gaskiya, 'yan ajinku, 'yan ɗakinku, ɗan acaɓan da yake kai ku makaranta. Amma ka ba kowa abin yi. Babu abin da ya kai mutum goma sun tsaya ƙiƙam suna kallon kyamara kamar hoton fasfo kashe bidiyo. Wasu su zauna a benci suna ludo, wani yana wanke babur, biyu suna amsa ƙarshen kowane layi tare da mawaƙin kamar 'yan amshi. Abu ɗaya da ba na wasa da shi: alamun hannu da launukan hula. Ɗalibi ya ga mawaƙin Amurka yana lanƙwasa yatsu sai ya kwaikwaya, bai san can alamar gungun 'yan daba ba ce. A jami'o'in ƙasar nan kuma akwai ƙungiyoyin asiri masu launukansu da gaisuwarsu, kuma ba sa tambaya ko wasa kake yi. Ka duba tufafin kowa kafin a fara. Haka kakin soja, farar hula ba shi da hurumin sa shi, balle a garin da yake da bariki. Bindigar roba ma ka bar ta a kasuwa.

Yanzu mu zo kan kuɗin. Nuna dukiya a bidiyon hip hop yana da tushe: yaron da aka ce ba zai zama komai ba ne yake cewa ku zo ku gani. In mawaƙinka bai samu ba tukuna, hoton ƙarya ne, kuma duk Keffi ta san motar ta wane ce. Ban da haka akwai doka. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta yin liƙi da naira da taka ta da yin rawa a kanta, hukuncin kuma ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. An daɗe ana yi wa dokar kallon wasa, sai a 2024 wata kotu a Legas ta ɗaure wani sananne a kafafen sada zumunta wata shida a kanta, hujjar kuwa bidiyon da aka ɗauka ne. Kai da hannunka za ka ɗauki shaida a kanka ka ɗora a intanet? Buga naira ta bogi a shagon kwamfuta don a watsa ya fi wannan muni. Kwalbar maganin tari a hannu ita ma ka manta da ita, tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da mai kodin a ciki, kuma ba malamin da zai ga wannan ya yi murna.

To me zai maye gurbin? Ka tambayi abin da ɗalibi a Keffi yake ɗauka a matsayin ci gaba, ka nuna shi da irin girman da ake nuna mota. Sabon ɗinkin shadda mai sheƙi da hula zanna da aka kafa a gefe. Babur da aka wanke aka goge. Tiren tsire cike, abokai zagaye da shi, yau mai waƙa ne ya biya. Rasit ɗin kuɗin makaranta da aka ɗaga sama. Ka ɗauki waɗannan daga ƙasa, a hankali, cikin haske mai kyau, yadda ake ɗaukar agogon zinare. Mai kallo zai gane al'adar, zai kuma gane kun san abin da kuke yi, wataƙila har ya yi dariya tare da ku. Wannan ya fi ya yi muku dariya.

Maganar 'yan mata gajera ce. Yarinyar da ta yi rawa a bidiyonka 'yar ajinku ce, tana da uba da yayye, bidiyon kuma zai kai shekara goma a intanet bayan kai ka manta da makin da aka ba ka. In za ta fito, ta san ainihin abin da za ta yi, ta ga hoton kafin a saki, kuma ka ba ta abin yi na gaske, ko baiti ko amshi ko wani matsayi a labarin. Keffi ba ta ƙarƙashin hukumar tace fina-finai ta Kano, amma masu kallon waƙar Hausa can suka fi yawa, kuma ba a manta ba cewa a 2007 kotu a Kano ta ɗaure Adam A. Zango wata uku kan kundin bidiyonsa Bahaushiya. In burinka wata rana a nuna aikinka a tasha irin Arewa24, wadda tun buɗe ta a 2014 shirye-shiryenta irin su Zafafa Goma suka fito da mawaƙan hip hop na Arewa, ka ɗauki abin da za a iya kallo a falo tare da iyaye.

Sai aikin hannu, inda yawancin bidiyoyin ɗalibai suke faɗuwa. A gama waƙar tsaf a situdiyo kafin a fita. Kada a ce a ɗauka yanzu, a gyara baiti na biyu daga baya, baki ba zai hau ba. Ranar ɗauka a kunna waƙar da ƙarfi a sifika, mawaƙin kuma ya rera da murya sosai. Motsa leɓe kawai ba ya yi, jijiyar wuya da numfashi suna nunawa a hoto. A kowane wuri a ɗauki waƙar daga farko har ƙarshe aƙalla sau uku: daga nesa, daga ƙugu zuwa sama, sannan fuska kaɗai. Sautin sifikar da wayar ta ɗauka shi za ka yi amfani da shi ka daidaita hoto da asalin waƙar a CapCut ko DaVinci Resolve, sannan ka kashe shi.

Haske mafi kyau daga bayan la'asar ne zuwa dab da magariba, da kuma sassafe. Rana tsaka tana sa ido ya faɗa rami, goshi ya yi ƙyalli. A hunturu hazo yana tausasa haske, dutse da bishiya su yi dishi-dishi a baya, abin sha'awa, sai dai ka riƙa goge idon wayar kafin kowace ɗauka. In da dare ne, ga abin da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba. Wutar lantarkin Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wayoyi da yawa kuma an saita su suna ɗaukar hoto 30 ko 60 a daƙiƙa, lissafin da ya dace da wutar Amurka mai 60. Shi ya sa kake ganin hoto yana ƙyaftawa ko baƙaƙen layuka suna gangarowa a ƙarƙashin wasu fitilu. Ka mayar da wayar 25 ko 50. In saitinta bai ba ka dama ba, akwai manhajar Blackmagic Camera kyauta ga wayoyin da suke ɗaukarta. Wutar janareto ba ta tsayawa a lissafi ɗaya, don haka ka gwada na daƙiƙa goma ka duba kafin ka tara jama'a. Fitilar babur biyu da fitilar mai suya sun isa su haska fuska da kyau in ka sa su daga gefe.

Wajen yanka hoto, kiɗan ne shugaba. A ce waƙarku tana bugu 90 a minti ɗaya. Layi ɗaya mai bugu huɗu zai ci daƙiƙa biyu da kashi biyu cikin uku, baiti mai layi 16 kuma kusan daƙiƙa 43. Ka saurari inda ganga take faɗuwa ka sa alama, ka canza hoto a kan alamar. A baiti kana iya barin hoto ɗaya ya ɗauki layi biyu, a amshi ka gaggauta. Amma in mawaƙin ya zo layin da ya fi kowanne nauyi, kada ka yanka, bar fuskarsa har ya dire. Kayan adon da manhaja take bayarwa kyauta, walƙiya da girgiza da juye-juyen launi, ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa. Da yake ɗaliban Keffi daga ko'ina suke, Eggon da Mada da Gwandara da Gbagyi da Hausa da Fulani da 'yan kudu, kuma mawaƙanmu irin su Classiq da Morell da DJ AB sun riga sun saba wa kunne da cakuɗa Hausa da Turanci, yana da kyau ka rubuta fassara a ƙasan allo, ko da ta amshi kaɗai ce.

Kana iya karya al'ada, amma sai ka nuna ka san ta. Falz a 2018 ya ɗauki tsarin bidiyon This Is America na Childish Gambino, babban ɗaki guda, mawaƙi ba riga, kyamara na bin sa, ya zuba matsalolin Najeriya a ciki ya kira shi This Is Nigeria. Kowa ya gane aron, ba wanda ya ce kwafa ce, don abin da ke ciki nasa ne. Ya kuma sha suka, wata ƙungiyar kare haƙƙin Musulmi ta yi tir da 'yan mata masu hijabi da aka nuna suna rawa, hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta hana sa waƙar. Kai ma in ka yi niyyar karya wani abu, ka karya ɗaya, ka san dalilinka, ka san kuma wanda zai ji haushi.

In aikin makaranta ne, za a nemi ka rubuta bayani. Kada ka ce na sa taron abokai saboda haka ake yi a hip hop. Ka ce na sa su don waƙar tana maganar waɗanda suka ciyar da shi ranar da ba shi da ko kwabo, na zaunar da su a teburin mai shayi don a nan abin ya faru. Kiɗan da kuka hau kuma ka tabbatar da mai shi. Wanda aka sauke daga YouTube da sunan kyauta sau da yawa yana da sharaɗi, kuma na'urar YouTube tana gane shi ta toshe bidiyon ko ta karkatar da kuɗin talla ga mai kiɗan. Gara ka biya wani ɗalibi mai haɗa kiɗa ɗan abin da ya sawwaƙa, ku rubuta yarjejeniya ko da a WhatsApp ne, ka sa sunansa a ƙarshen bidiyon tare da na mai ɗauka da mai gyara. Ka ɗauki komai a kwance don YouTube da allon aji, amma ka bar mawaƙin a tsakiyar hoto don ka iya yanko na tsaye na TikTok. Kafin ka miƙa, tura wa wani ta waya mai araha ka kalla a can, da ƙaramar sifikarta, don a irinta mafi yawan mutane za su gani. In baki ya hau waƙa a nan, fuska kuma ta fito a hotunan dare, sai ka kwafa a wuri biyu ka kai wa malam.